Sojan rezin a zafin Maradi

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Maradi, kuma hammar da ɗalibaina ke yi duk lokacin da muka iso kan yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ita ce ta jefa ni cikin haɗa ƙananan mutum-mutumin rezin, wata irin roba mai tauri. Wani abokina da ke Faransa ya aiko mini da ɗan kwali, a cikinsa akwai sassan sojan tirayar, wato rundunar da gwamnan mulkin mallaka Faidherbe ya kafa a Senegal a 1857, wadda daga baya aka riƙa ɗiba mata samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, har da tamu. Tsawon sojan milimita 75 ne, kai da jar dara daban, hannuwa daban, bindiga da adda kowace daban.

Na farkon nan ɓata shi na yi. Ban san cewa rezin ruwa biyu ne ake gaurayawa a zuba cikin mazubin roba ba, kuma maiƙon da ake shafa wa mazubin don kada kayan su manne yana biyo jikinsu. Na shafa fenti ban wanke ba, bayan kwana biyu na ga yana ɓarewa daga kafaɗar sojan kamar ɓawon gyaɗa. Tun daga ranar, sabulu da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori su ne farkon aikina. Gam ɗin haɗa kayan roba ma ba ya kama rezin, sai sufa gulu.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa takardar bayanin da ke cikin kwalin ba da yanayinmu aka rubuta ta ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na bar sojan a ɗakin kwano na tafi hutu, da na dawo na tarar bakin bindigar ya lanƙwashe. Ashe zafin da ya lanƙwasa shi, shi ne kuma maganinsa, domin na tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, na miƙe shi da yatsa, sannan na jefa shi cikin ruwan randa ya sandare a miƙe. Fenti kuwa a bakin buroshi yake bushewa, shi ya sa na mai da aikin bayan sallar asuba, ina zuba launin a kan takarda mai danshi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai na kifa masa kwanon sha da zarar na ajiye buroshi.

Hannun dama na sojan ya faɗi har sau uku, kuma ba littafi ne ya fitar da ni ba. Wani dattijo mai gyaran agogo a babbar kasuwa ya juya sojan a tafinsa, ya ce, “Malam, gam shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyi, sai ka sa masa ƙashi.” Ya huda kafaɗar da hannun, ya zura guntuwar wayar tagulla, na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma.” Shi ne kuma ya hana ni goge rezin a bushe, saboda garinsa yana cutar da huhu, don haka yanzu sai na jiƙa sanfefa na ɗaura takunkumi.

Mahaifina bai taɓa son ganin irin waɗannan abubuwa a gida ba, kuma ban ja da shi ba, a kabad ɗin makaranta sojan yake kwana. Ranar da na fara ɗora shi kan tebur, wata yarinya daga bencin baya ta taso ta ƙura wa jar darar ido, sannan ta ce a gidansu akwai tsohon hoton kakan mahaifinta da irin wannan hular.