Kilo 63 da suka haura iyaka

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullan hanga, wato rumfar ajiye jirage, na bar aikin da nayi shekara uku ina yi, koyar da tuƙin ƙananan jirage masu kujera biyu a wata ƴar makaranta a jihar Arizona ta Amurka. Tunda na sanar ƙannenmu na gida masu shirin fitowa karatun tuƙi suke ta turo saƙo wai in faɗa musu abinda na koya. Abubuwan suna da yawa amma ɗaya ne har yau in na tuna shi nake jin cikina ya ɗuri ruwa, kuma maganar nauyi ce.

Irin jiragen da muke tuƙawa, waɗanda ake ce wa LSA, a 2004 FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta yanka musu iyakar nauyi, laba 1,320, kilo 600 kenan, in mai sauka a ruwa ne kilo 650. Mutum da yaji 600 sai ya ɗauka kayan da jirgin zai ɗauka ake nufi. A'a. Jirgin kansa yana cikin lissafin, da injinsa, da mai, da kai, da wanda ke gefenka, har robar ruwan da ka cusa bayan kujera. Da yawansu ba mai ba kowa a ciki sun haura kilo 350, Cessna 162 ma abinda zai ɗauka duka-duka wajen kilo 220 ne, kuma galan ɗaya na man jirgi kusan kilo 2.7 ne, toh ka cika masa tanki galan 24 ka cinye kilo 65 tun kafin mutum ya shiga. Ƙarti biyu da cikakken tanki ba sa haɗuwa a waɗannan jiragen, dole ɗaya ya rage. Duk na san wannan fa, ni nake koyar da shi a allo.

Wata Asabar ce a watan Yuli a shekarata ta farko. Wani dattijo yazo da ƴarsa, ita ta biya masa kuɗin shawagin awa ɗaya kyautar ranar haihuwarsa, yace tun yana yaro yake burin shiga ƙaramin jirgi. Mutum ne mai jiki, kallo ɗaya zaka masa ka san hakan. A fom ya rubuta abinda yake daidai da kilo 91. Zuciyata bata yarda ba, amma ni ɗan Hausa ne da aka rena akan ba'a ƙaryata babba, mutumin ya kai sa'an mahaifina, ga ƴarsa a tsaye tana ɗaukarsa hoto, ta yaya zan buɗe baki ince yallaɓai ban yarda da abinda ka rubuta ba? Sai kunya ta kama ni nayi masa kara. Na ɗauki takardar nauyin jirgi dake cikin fayil, kilo 368, na ɗora nawa 77, na ɗora nasa 91, na ɗora mai galan 22 dana ce a zuba wato kilo 60, lissafi ya bani 596. Saura kilo 4. Ya kamata ace wannan kaɗai ya tsayar da ni.

Da na fita na leƙa tanki sai naga man ya fi abinda nace, ashe oga ne yasa aka zuba har galan 30 saboda akwai ɗalibi bayanmu kuma baya son a ɓata lokaci wurin shan mai. Na koma ofis nace masa nauyi zai yi yawa, a rage man ko a ɗaga tafiyar zuwa gobe da sassafe. Ko ɗago kai bai yi daga kwamfuta ba, yace jirgin nan ya sha ɗaukar fiye da haka, lambar 1,320 ɗin ƴan ofis ne suka ƙirƙira ba injiniyoyi ba, kuma in ba zan iya ba akwai wanda zai iya. Wanda bai yi aiki a ƙasar wasu da takardar zama a hannun mai gidansa ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Ina neman awa 1,500 na tuƙi kafin kamfanin manyan jirage ya kalle ni, lokacin ko 500 ban cika ba, ga gida ana jiran abinda zan turo. Nayi shiru na fita.

Filin namu yana kan tudu, wajen mita 1,500 sama da teku, ya fi Jos tsayi, kuma ƙarfe biyun rana ce zafi ya kai 35. A irin wannan yanayin iska tana yin sirara, jirgi ji yake kamar yana mita 2,600, inji Rotax 912 mai ƙarfin doki 100 bai fi ya baka kashi uku cikin huɗu ba, farfela bata samun iskar da zata kama sosai, fuffuke ma haka. Titin gajere ne bai kai kilomita ɗaya ba, a ƙarshensa akwai shinge da wayoyin lantarki.

Na tura totur har ƙarshe jirgi ya fara gudu amma kamar ana riƙe shi ta baya. Akwai ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani, in ka kai rabin titi baka samu kashi 70 na gudun tashi ba ka haƙura. Na wuce rabi ina kallon allura ina ce wa kaina zata hau. Muka ɗaga kamar mita biyu, ƙahon gargaɗi ya fara kuka, jirgi yaƙi hawa, yana shawagi kusa da ƙasa kawai wayoyin nan suna matsowa, dattijon kuma yana ta murmushi bai san komai ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Na janye totur na mayar da shi ƙasa na danne birki, titi ya ƙare muka faɗa cikin tsakuwa, ƙafar gaba ta lanƙwashe farfela ta daki ƙasa. Allah ya tsare ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Makanikenmu, wani tsoho mara yawan magana, shi ya zaunar da ni da yamma muka sake lissafin. Takardar dana yi amfani da ita tsohuwa ce, bayan an ƙara wa jirgin laimar gaggawa da wasu na'urori nauyinsa ya koma 386, sabuwar takardar tana aljihun tebur ɗin oga wata da watanni ba'a saka ta a fayil ba. Dattijon da kansa daga baya ya faɗa min gaskiya 111 ne, yaji nauyin rubutawa gaban ƴarsa. Jakar kyamararsa kilo 7, ita ma ban saka ba. Mai kilo 82, nawa 77. Jimla 663. Kilo 63 akan iyaka, ya fi buhun shinkafa, a jirgin da mutum ɗaya ke janyo shi da hannu daga hanga.

Ban taɓa cewa ba laifina bane. Dokar a fili take, matuƙin da ke riƙe da jirgi shi ke da magana ta ƙarshe kuma shi ke ɗaukar alhaki, ni na kunna injin nan ba wani ba. Abinda ban yafe ba shine abinda ya biyo baya. Ranar Litinin oga ya tara ma'aikata ya karanta laifina gaban kowa, bai ambaci man da yasa aka ƙara ba, bai ambaci takardar dake aljihun teburinsa ba, bai ambaci abinda ya faɗa min a ofis ba, har yana cewa wasu sun taso inda ake lodin mota har saman rufi shi yasa basa girmama lamba. Wannan maganar tafi komai ƙona min rai, saboda nine nazo nace masa nauyi yayi yawa. Ya zaftare min albashi wata uku, ya hana ni ɗalibai na tsawon sati shida. Makaniken nan kaɗai ya miƙe yace sabuwar takardar fa ba'a fayil take ba, aka ce masa ba maganar da ake yi ba kenan. Daren da na kira Umma na bata labari kuka tayi tace in dawo gida kawai, nace Umma kiyi haƙuri kici gaba da addu'a, in na dawo yanzu maganarsa ta tabbata.

Washegarin da aka dawo min da ɗalibai naje kanti na sayi sikeli da kuɗina na ajiye a bakin ƙofar ofis. Ni nake fara hawa gaban fasinja ya ga lambata, sannan ince bismillah yallaɓai, da jakarka a hannu. Ashe in kai ka fara hawa ba wanda yake jin an ci masa fuska. Daga ranar zuwa barina aiki na soke tashi ko na sa an zuƙe mai yafi sau ashirin, oga yayi ta ɓata rai, amma ban sake taɓa fentin jirgi ba, kuma ɗalibaina duk da suka je jarrabawa ba wanda aka kayar akan lissafin nauyi.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duba kwanan watan dake jikin takardar nauyi kafin ka duba lambar. Leƙa tanki da idonka ka tsoma sanda. Nauyi ba yawansa kaɗai bane, inda ya zauna ma magana ce, jaka ƙarama a can baya tana iya sa hanci ya ɗaga fiye da yadda kake so. Lokacin zafi ka tashi da asuba. In mai gida ya baka umarnin da zuciyarka bata kwanta da shi ba kace ya turo maka a rubuce, zaka ga yawancinsu sun janye.

Wasu zasu ce ai dokar ta canza. Eh, a watan Yulin 2025 a taron jirage na garin Oshkosh dake Amurka aka sanar da sabuwar ƙa'idar MOSAIC, an cire iyakar laba 1,320 an koma duba mafi ƙarancin gudun da fuffuke ke iya riƙe jirgi, har masu kujera huɗu zasu shigo rukunin. Amma jirgin dake gabanka lambar dake cikin littafinsa ita ce tasa sai in kamfanin da ya ƙera shi ya canza ta, fuffukensa da injinsa suna nan yadda suke. Har naji oga yana gaya wa wani sabon malami wai kaga dama na faɗa lambar ta ƴan ofis ce, na jira ya fita na ja yaron gefe na nuna masa hoton ƙafar jirgin nan a wayata, na rubuta masa lissafin 663 a bayan fom.

Ranar da zan tafi oga yace in bar musu sikelin tunda an saba da shi. Shi ban bar wa ba, sabon malamin na damƙa wa a hannu nace nasa ne, in zai bar wurin ya tafi da abinsa.