Yaron shago hannun maigida yake kallo

A sana'ar ɗinki, telan da Allah ya ba saurin hannu sau da yawa shi ne yaro ya fi shan wuyar koyo a wajensa. Ba rowar ilimi yake yi ba. Hannunsa ne ya riga ya saba, zai zura zare a keke kafin ka ƙifta ido, yaro na tsaye a kansa bai ga komai ba sai gilmawar yatsu, daga baya kuma a ce yaron ba shi da kai. Babban abin da na koya a wannan sana'a shi ne, baiwa ba ta amfanar na kusa da kai sai ka yarda ka rage gudu har idonsa ya iya bin hannunka.

Makon farko ba a ba yaro zare. A cire allura, ya zauna ya yi ta taka feda har ƙafarsa ta iya tayar da keke ta tsayar da shi, wilin hannu yana juyowa ta wajensa. In wilin ya koma baya ana cikin ɗinki, zare zai cukurkuɗe a gidan kwarkwaro, wato inda zaren ƙasa yake zama, ko ya tsinke. Bayan nan a sa allura ba zare, a ja layuka a takarda ya bi su. Hujin allurar zai nuna masa inda ya kauce, ba sai an yi masa tsawa ba.

Wajen zura zare ne maigida ya kamata ya fi haƙuri. Ya yi sau uku a hankali yana faɗin sunan kowane wuri da zaren ya bi, sannan ya zare shi, ya tashi daga kujera, ya naɗe hannu. Wannan naɗe hannun shi ne mai wuya, domin zuciya za ta riƙa cewa karɓi ka yi da kanka. A nuna masa cewa ana ɗaga ƙafar da ke danne yadi kafin a zura zare, saboda a lokacin ne faya-fayan tenshan, masu matse zaren sama, ke buɗewa zare ya shige tsakaninsu. Wanda bai san wannan ba zai ga zare ya yi tsumma a ƙasan yadi, sai ya ɗauko sukundireba ya hau taɓa gidan kwarkwaro, alhali matsalar daga zaren sama take. In ɗinki na tsallake, a duba allura: ko ta lanƙwashe, ko ba a tura ta har ƙarshe ba, ko an juya ta a baibai. Allura lamba 14 ta ishi atamfa, 16 ta fi dacewa da shadda mai kauri, 18 kuma sai irin su jins. Yawan karyewar allura a hannun sabon yaro daga jan yadi ta baya ne. Haƙoran keke da ke ƙarƙashin allura su ke tafiyar da yadi, aikin hannu shiryarwa ne kawai.

Yanka kada a fara shi a kan kayan mutane. Shadda yadi 5 ta mai shirin Sallah ba wajen gwaji ba ce. A fara da takardar buhun siminti, maigida yana lissafinsa a fili: ƙirji inci 40, a ƙara 8 don sakewa, a raba huɗu tunda an ninka yadin gida huɗu, 12 ke nan, sai rabin inci na cin ɗinki. Gwanaye da yawa a ka suke yin wannan lissafi, shi ya sa yaro ke shekara biyu a shago yana sa maɓalli da guga bai taɓa riƙe almakashi ba.

Akwai kuma darasin da ba a zaunar da kowa a koya masa, amma shi ya fi shiga. Yaron da ya ji maigidansa ya ce wa mai kaya "gobe da yamma in sha Allahu" alhali ko yankawa ba a yi ba, ya koyi saɓa alkawari tare da ɗinkin. Wanda ya ga ana naɗe ragowar yadi ana sakawa cikin ledar mai kaya, ko da rabin yadi ne, haka zai yi ranar da ya buɗe nasa shagon. Gani ya kori ji.

Telan da ke son taimaka wa maraya ko matar da mijinta ya rasu da wannan sana'a, gara ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu ya tsaya musu sosai da ya tara goma suna gadin benci. Ya ware musu keke guda, ko tsoho ne, muddin yana ɗinki daidai, da awa ɗaya kullum da safe kafin masu kaya su fara shigowa. Kada kuma ya karɓi sabon mai koyo a cikin azumi, lokacin da kaya suka yi tsibi, barci ya yi ƙaranci, rai ke saurin ɓaci. Ya bari sai bayan Babbar Sallah, sa'ad da aiki ya lafa, zai iya zama kusa da shi ya warware ɗinkin da ya karkace su sake tare.