Ashe ba narkarwa kawai ba ce

Talata, da dare.

Yau tun safe kaina na kan kemistiri, kuma wallahi sai yau na gane abin da na daɗe ina haddacewa. Ni duk zatona ƙarfe na kwance ne a cikin tama, ka zuga wuta ya narke ya gangaro shi ke nan. Ashe sam ba haka ba ne. Tamar nan da ake kira hematayit, ƙarfe ne da oksijin suka ƙulle da juna, Fe2O3, kusan 'yar uwar tsatsa ce, ko ka narkar da ita ba ƙarfe za ka samu ba. Dole sai an samo mai ƙwace oksijin ɗin, kuma kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, shi ne ke wannan aikin.

Malaminmu ya zana dogon tanderun da ake narka tama a allo, ana zuba tama da gawayin kwal da farar ƙasa ta sama, ta ƙasa kuma ana hura iska mai zafin digiri sama da 1000, gawayin ya ci wuta ya ba da iskar CO2 (kabon ɗaya da oksijin biyu), ita kuma tana hawa sama ta sake ratsa jan garwashi ta koma CO (kabon ɗaya da oksijin ɗaya), to wannan CO ɗin ita ke fizge oksijin daga tama ta bar ƙarfe. Kenan gawayin aiki biyu yake, shi ne makamashi kuma shi ne mai ƙwacen. Abin ya burge ni ƙwarai.

Wani abin da ya tsaya min a rai, tsantsar ƙarfe sai digiri 1538 yake narkewa, amma idan ya sha kabon kamar kashi 4 cikin ɗari, tun wajen 1200 ya zama ruwa. Ita ko farar ƙasa zafi ke fasa ta, ta kama yashin da ke cikin tamar su zama kashin maƙera, ya taso saman narkakken ƙarfen don bai kai shi nauyi ba, a zubar da shi ta wata kafa daban.

Na tambayi malam me ya sa ba a yi wa alminiyum haka, ya ce riƙon da alminiyum ya yi wa oksijin ya fi ƙarfin kabon a irin wannan zafin, shi ya sa tun 1886 da wasu masana biyu, Hall da Héroult, suka gano hanyar lantarki ita ake bi.

Bayan isha na sake rubuta lissafin da ka ban duba littafi ba, Fe2O3 + 3CO, ya ba da 2Fe + 3CO2. Sai 3CO2 ɗin nan na ƙarshe ya dame ni, duk wannan hayaƙin sama yake tafiya. Gobe in sha Allah zan tambaye shi batun amfani da haidurojin a madadin gawayi, tunda shi tururin ruwa yake fitarwa.