Faifan da ya tafi yana sdb ya dawo yana sdc

Talata da dare.

Wajen ƙarfe 11 na safe aka ɗauke wuta, muna tsaka da kwafe hotunan wani biki zuwa babban faifan ajiya na shago. Kwamfutar na da batir, ko gezau ba ta yi ba. Shi kuwa faifan wutarsa daban ce, nan take ya mutu. Da janareta ya tashi fitilar faifan ta kama, amma kwafi ya ƙi ci gaba. Yaron shago ya ce, "Yaya, ai ga shi ya dawo, me kuma take jira?"

Na buga dmesg, umarnin da ke fito da rahoton abin da ke faruwa da na'urorin kwamfuta, na nuna masa. Faifan da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta sani da sunan sdb yanzu sunansa sdc ne. Tsohon sunan na hannun ext4, tsarin da ke kula da fayiloli a faifan, wanda bai saki faifan ba, kuma direba, wato manhajar da ke haɗa Linux da faifai, ba ya ba wani sunan sai mai riƙe da shi ya sake. Shi ext4 da ya ga rubutu na faɗuwa sai ya kulle kansa, karatu kawai.

Yaron ya ga taurin kai ne. Ni ina bayan direban, kuma da gaske nake. Ta ina zai tabbatar faifan ɗazu ne ba wani aka soka ba? Ko da shi ne, akwai ƙaramar ma'ajiya a cikinsa inda yake tara abin da ya ce ya karɓa kafin ya rubuta, wuta na ɗaukewa ta tafi da shi. Ita ma Linux takan bar rubutu a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, har kusan sakan 30. Da direba ya ɗora daga inda ya tsaya, da gini zai yi a kan ramin da bai gani ba, sai ranar da amarya ta zo karɓar hotunanta a tarar rabinsu ba sa buɗuwa. Irin wannan ne ya sa Microsoft, daga Windows 10 siga ta 1809, ta daina tara rubutun faifan USB sai in mutum ya zaɓa.

Na yi umount don Linux ta saki faifan, e2fsck mai gyaran ext4 ya daidaita abin da ya katse, na ɗaura faifan da lambar shaidarsa ta UUID a fstab, jerin faifan da Linux ke ɗaurawa, don canjin suna ya daina ruɗa mu. Sai umarnin kwafi na rsync -c, wanda ya cinye mana har la'asar yana gwada kowane hoto da na asali. Waɗanda suka lalace duk na ƙarshe-ƙarshen nan ne, kuma suna nan a katin kyamara.

Gobe in Allah ya kai mu zan taya ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, na faifan kaɗai.