Horon Natsuwa ga Likitocin da Ke Koyarwa a Bakin Gado

Likitan da ke koyarwa a asibiti yana ɗauke da nauyi biyu a lokaci guda, domin ga majinyaci a kwance yana jiran magani, ga kuma ɗalibai a tsaye suna jiran bayani. Mu a Zariya, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake a Shika, mun san irin waɗannan malamai sarai. A asibitocin koyarwa, sau da yawa wanda aka tasa da tsakar dare saboda larurar gaggawa shi ne zai jagoranci zagayen duba majinyata da safe.

A ganina, ɗalibi ne ya fi ɗanɗana kuɗar wannan gajiya. Malamin da ransa ya ƙuntata yakan daka tsawa a kan ƙaramin kuskure a gaban majinyaci da 'yan'uwansa, daga nan ɗalibin ya daina tambaya, alhali a aikin likita rashin tambaya yana iya jawo asarar rai. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, mai alamu uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ingancinsa.

Horon natsuwa da ake yi wa ma'aikatan lafiya ya samo asali ne daga shirin da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka. Mako 8 ake yi, ana haɗuwa sau ɗaya a mako, sannan kowa ya keɓe minti 45 a kullum yana lura da numfashinsa da jikinsa, duk lokacin da tunani ya tafi ya maido shi ba tare da zargin kai ba. Amfaninsa ga malami shi ne ya riƙa jin tasowar fushi tun kafin ya kai bakinsa.

Wasu za su ja baya idan suka ji cewa tushen abin daga al'adar mabiya Buddha yake, kuma haka ne, sai dai abin da ake koyarwa a asibitoci motsa hankali ne da aka raba da ibada. Wanda ya san wahalar tsayar da zuciya a cikin salla ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Minti 45 kam ya yi wa mai wannan aiki yawa. Abin da zai yiwu shi ne ɗan tsayawa a ja numfashi a lokacin wanke hannu tsakanin gado da gado. Ko da hakan, ba na so shugabannin asibitoci su fake da wannan horo, domin ba zai cike gurbin likitocin da suka tafi Ingila da Saudiyya ba, kuma idan za a shirya shi, to a sa shi cikin lokacin aiki, kada a ci ranar hutun mutum.