Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

A makon jiya na tsaya a daidai inda aka ɗora mini aikin bai wa ɗalibai shawara kan fannin da za su karanta, na kuma yi alkawarin ɗorawa daga can. Sai dai maganar Kawu, Allah Ya jiƙansa, ta hana ni sakat, don haka shekarun nan na tsakiya su ɗan jira. Kawu yakan ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi." A gidanmu an ɗauke ta zancen tsofaffi. Ni kuwa a kanta na gina aikina gaba ɗaya.

Masanan wannan fanni ma nan suka dosa. Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin bai wa matasa shawarar sana'a a birnin Boston na Amurka a 1908, ya kasa lamarin gida uku: ka san kanka, ka san aikin, sannan ka auna biyun da hankali. Yawancin yara na ukun suke fara yi, alhali ba su taɓa na ɗaya da na biyu ba.

Sanin kai yana da fuska biyu, sha'awa da iyawa, kuma ba lallai su zo tare ba. Wajen sha'awa, John Holland, wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, ya fito da rabe-rabensa tun 1959: mai son aikin hannu da injuna, mai son bincike, mai son ƙirƙira, mai son koyarwa da taimakon mutane, mai son jagoranci da ciniki, da mai son tsari da adana bayanai. Ba wanda yake guda ɗaya zalla, ana duba uku ne da suka fi rinjaye. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka tana da gwaji kyauta a shafin O*NET, tambayoyi 60, a kan wannan tsari. Amma ku lura, sha'awa kaɗai yake aunawa. Iyawa a takardun sakamako take: a shimfiɗa na shekara uku a jere, ba na zango ɗaya ba, a ga darasin da yaro ke ci ko da an canza malami, da wanda yake zama a kansa ba tare da an tsaya masa ba.

Yaya Babba ya taɓa cewa wannan aiki nawa zaman hira ne da yara. Ban manta ba. Yau jikokinsa ni ake kawo wa, kuma ina karɓarsu hannu biyu.

Sanin aikin shi ne inda aka fi yin asara, kuma nan nake so in daɗe. Sunan kwas ba ya faɗin abin da ke cikinsa. A nemo jerin darussan sashen, a karanta na shekara ta biyu da ta uku, domin can ne ainihin fannin yake bayyana. Yaron da ke son wasa da kwamfuta ya shiga kimiyyar kwamfuta, sai ya tarar da lissafi da tsara dabarun warware matsala. Wadda ke son sauraron damuwar mutane ta ɗauki nazarin halayyar ɗan'adam, sai ga ƙididdiga a gabanta. Tattalin arziki ma lissafi ne ya cika shi. A injiniyanci darussan lissafi a sarƙe suke, sai ka ci na farko a bar ka ka ɗauki na biyu, don haka faɗuwa ɗaya tana iya jawo ƙarin zango ko shekara.

Bayan takarda, sai mutane. A sami ma'aikata uku a sana'ar: sabon shiga, wanda ya kai shekara goma, da wanda ya bar ta. Kada a tambaye su ko aikin yana da daɗi. A ce su faɗi yadda ranar aiki take daga safe zuwa tashi, abin da suka fi ƙi a ciki, da lasisin da ake buƙata bayan digiri. Wanda ya bari ya fi kowa faɗin gaskiya. In da hali, yaro ya wuni tare da mai aikin. Mai son likitanci ya ga kwanan asibiti da jini da idonsa tun kafin ya cike fom.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne iyayen da sana'a uku kawai suka sani: likita, lauya, injiniya. Yaro ya kwashe shekara biyu yana ja da ƙyar, a sallame shi, sannan a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Yana da ita, kiwon ne bai karɓe shi ba, kamar yadda Kawu ke faɗa. Ban ce a yi watsi da batun samun aiki da albashi ba. A saka shi a ma'auni, amma bayan an tabbatar yaron zai iya kai karatun ƙarshe.

Lokacin yanke shawara kuma ya danganta da ƙasar da za a yi karatun. A Amurka digirin farko shekara huɗu ne, kuma a jami'o'i da yawa ɗalibi yana da har ƙarshen shekara ta biyu kafin ya tsayar da fanni. Likitanci da lauyanci sai bayan digirin farko. A Ingila tun wajen neman gurbi ta UCAS, cibiyar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'in ƙasar, ake zaɓen kwas, zaɓi biyar ne iyaka, yawancin digiri shekara uku, kuma sauyawa tana da wuya. Duk inda ake, zaɓi na biyu ya kasance mai darussan shekarar farko iri ɗaya da na farko, domin in an sauya kada a koma baya. In sana'ar mai lasisi ce, a tabbatar hukumar da ke ba da lasisin ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar kafin a biya ko sisi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan shekarar da Inna ta kwanta ciwo.