Tarihin Rayuwata, Kashi Na 12: Yadda Aka Koya Mana Karanta Kuskuren Yaro

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya a daidai shigata kwas ɗin horar da malamai kan koyar da yaran da karatu ke ba wuya. Yau zan ajiye labarin kaina gefe, in shimfiɗa muku abin da ke cikin kwas ɗin, don shi ne zai fi amfanar iyaye da malaman da ke cikinku.

Abu na farko da ake cusa wa mai koyon wannan aiki shi ne kada ya fara koyarwa sai ya gano inda gizo ke saƙa. Kafin a ce yaro yana da disleksiya, wato nakasun koyon karatu, sai an duba idonsa da kunnensa, an tambayi kwana nawa yake fashin makaranta, kuma ko yana jin harshen da ake koyar da shi. Yaron da ba ya hango allo tabarau yake bukata, ba darasi na musamman ba.

Ita matsalar an daɗe da saninta. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata suna a 1887. A 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwani a lissafi, amma karatu ya gagare shi. Da farko an ɗauka laifin ido ne. Daga baya bincike ya nuna cewa galibi cikas ɗin yana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Shi ya sa gwajin farko da baki ake yinsa, babu takarda ko ɗaya. Ka ce wa yaro: "Faɗi wata. To, cire sautin farko ka sa m." Idan ya ce "mata", madalla. Idan ya yi shiru yana kallonka, ko ya maimaita "wata", ka san daga nan aikinka zai fara, ko da shekararsa 10. Juya b da d kuwa, wanda ke tayar wa iyaye hankali, abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara 7. Shi kaɗai ba hujja ba ce.

Gwaji na biyu shi ya fi cin lokacinmu a kwas, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin. Malama Marie Clay ta ƙasar Niyu Zilan ce ta shahara da tsarinsa. Za ka ba yaro nassi mai kalma 100 ya karanta a bayyane, kai kuma kana riƙe da kwafinka. Kalmar da ya faɗa daidai ka yi mata alama. Wadda ya kuskure, ka rubuta ainihin abin da ya faɗa a samanta. Idan ya cije, ka jira kamar daƙiƙa 3, sannan ka faɗa masa, ka ƙirga ta a kuskure. Wadda ya gyara da kansa ba a ƙirga ta. In ya sami 95 zuwa sama, nassin ya yi masa sauƙi, zai iya karanta shi shi kaɗai. Daga 90 zuwa 94, nan ne matakin da ake koyarwa a kai. Ƙasa da 90, littafin ya fi ƙarfinsa, a sauko ƙasa.

Amma lambar ba ita ce riba ba, abin da ka rubuta a saman kalmomin nan ne. Yaro ya ga "gida" ya ce "gona": harafin farko kawai ya duba, sauran ya cika da ka. Ya ga "ɗaki" ya ce "daki": bai lura da lanƙwasar harafin ba, ko kuma kunnensa bai raba sautukan biyu ba, kuma maganinsu daban ne. Ya ga "makaranta" ya ce "maranta": gaɓa ta zube masa a tsakiya, sai a koya masa yanka doguwar kalma gaɓa-gaɓa. Akwai kuma kuskuren da rubutunmu ne ke jawo shi, tunda ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti: "gari" na mutane da "gari" na niƙa duk rubutu ɗaya ne, sai ma'anar jimla ta raba su. Wannan kada a ɗora wa yaro.

Bayan an gano giɓin sai darasi. Tsarin da aka fi horar da malamai a kai ya samo asali ne daga likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham na Amurka, a shekarun 1930. Darasi ɗaya minti 45 ne zuwa awa guda, da yaro ɗaya ko rukunin da bai wuce 3 ko 4 ba. Sau ɗaya a mako ba ya kai ko'ina, don kafin wani makon ya zagayo abin ya bi iska. Sau 3 zuwa 5 ake so.

Ana buɗewa da bita ta kamar minti 5: ka ɗaga katin harafi, yaro ya faɗi sautinsa. Sai a juya: ka faɗi sauti, ya rubuta harafin. Sai a jera kati biyu ko uku ya haɗa su, kana canza kati ɗaya tak kowane karo: "kai", "sai", "rai". Daga nan a shigo da sabon abu guda ɗaya. Guda ɗaya fa, ba biyu ba. Yaro ya gan shi, ya ji shi, ya furta shi, ya zana shi da yatsa a faranti mai rairayi yana faɗin sautin, aƙalla sau 3. Ido da kunne da baki da hannu duk suna aiki lokaci guda, hanyar da Grace Fernald ma ta yi amfani da ita a asibitinta na koyon karatu a Kalifoniya tun shekarun 1920. Sai shifta: ka faɗi kalma, ya maimaita, ya ƙirga sautukanta a yatsu, ya rubuta yana furtawa, ya karanta abin da ya rubuta. A rufe da ɗan gajeren nassi wanda babu harafin da ba a koya masa ba a ciki.

Inda sababbin malamai ke tuntuɓe sananne ne. Suna koyar da b da d a mako guda, alhali sai ɗaya ya zauna daram ake kawo ɗan'uwansa, da tazarar makonni. Suna cewa yaro ya duba hoto ya cinka kalmar, wato suna ƙarfafa masa ɗabi'ar da ta hana shi karatu tun farko. Suna yin gaba don yaro ya ci gwajin yau, ba su jira su ga ko zai ci bayan kwana 3 ba tare da taimako ba. Mafi yawa kuma, tausayi ke sa su faɗa masa amsa da wuri. Idan ya ce "gona", kada ka ce "a'a, gida ne". Ɗora yatsa a kan harafi na biyu ka tambaye shi: "Wane sauti ne wannan?" Ka bar shi ya kamo ta da kansa.

Irin waɗannan kurakuran ba a gyara su a ajin lacca, shi ya sa kwas na ƙwarai yake haɗawa da aiki a gaban mai duba ka. Yana zaune a gefe da takarda, yana ƙirga minti nawa ka yi magana, minti nawa yaron ya yi aiki. Duk bayan mako biyu kuma za ka auna kalma nawa yaron ke karantawa daidai a minti ɗaya, ka ɗiga a jadawali. In awo 3 ko 4 sun wuce layin bai tashi ba, darasinka za a sake wa fasali.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ɓangaren lissafi: yadda ake fara yaro da abin ƙirga a hannu, a koma zane, kafin a kai ga lamba a takarda.